Filash ɗin da ke yawo a shagunan Sabonjida: wa ya duba hatiminsa?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum da yake ba Windows 10, masu gyaran kwamfuta a Tamale suke amsa tambaya guda daga bakin mutane daban-daban: "Masta, yanzu wannan tawa ta mutu kenan?" Ba ta mutu ba. Tana kunnuwa, tana rubutu, tana shiga intanet. Matsalar ita ce Windows 11 tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma neman injin da bai tsufa sosai ba, alhali yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, irin waɗanda ake saukewa a Tema ana ce musu hom-yus. Sun riga sun yi wa wani aiki shekaru a Turai kafin su iso Sabonjida. Mai irin wannan kwamfuta zaɓinsa uku ne: ya ci gaba da tsohuwar Windows ba mai toshe mata ɓaraka, ko a ɗora masa wadda aka fasa ta sata, ko kuma a sa masa Linux.

Mu a wannan shafi muna tare da na ukun, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Ubuntu, Linux Mint, Debian da Fedora kyauta ne, ba na sata ba ne, kuma suna tayar da tsohuwar kwamfuta ta yi gudun da mai ita ya manta tana iyawa. Ɗalibin UDS da ba shi da kuɗin sabuwa, da malamin makaranta, da mai kafen intanet da ke buga wa yara sakamakon WAEC, duk wannan hanya rufin asiri ce gare su. Ko gwamnati ma ta daɗe da sanin haka, don cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da ke Accra ta yi shekaru tana koyar da manhajojin da kowa ke iya buɗe cikinsu ya duba.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta biyo wannan alheri, ita ce dalilin wannan rubutu. Yaron shago yana tsakiyar saka manhaja, sai allo ya tsaya ya fito da gargaɗi da Turanci, wai ba a iya tabbatar da sa hannun wannan rumbu ba, ko ya rubuta NO_PUBKEY da wasu haruffa a gaba. Kwastoma na zaune a benci yana duba agogo, yana cewa "ɗan'uwa ka yi sauri, motar Yendi zan kama." Sai yaro ya ɗauki waya, ya nemi maganar a intanet, ya tarar da wani ya rubuta layi ɗaya da ke kashe gargaɗin. Ya kwafa, ya liƙa, aiki ya wuce, kowa ya yi murmushi. A Ubuntu da 'yan'uwanta layin nan yakan ƙunshi allow-unauthenticated ko trusted=yes. A Fedora nogpgcheck ne ko gpgcheck=0. A Arch kuwa SigLevel = Never. Sunan ya bambanta, ma'anar ɗaya ce: ka ce wa mai gadi ya tafi gida, kowa ya zo ya shiga.

Matsayinmu a fili yake. Wannan ba gyara ba ne, kuma duk mai shagon da ke karɓar kuɗin mutane bai kamata ya bari a yi shi a kan teburinsa ba.

Domin a gane nauyin abin, sai a fara sanin me ake nufi da saka manhaja a Linux. Ƙunshin manhaja ba fayil ne kawai da ake ajiyewa a kusurwa ba. Yana zuwa da umarnin da kwamfuta za ta bi lokacin sakawa, kuma tana bin su ne da cikakken ikon mai gida, wato ikon da ake samu idan an rubuta sudo an sa kalmar sirri. Wanda ya haɗa ƙunshin, a wannan ɗan lokaci, zai iya karanta duk abin da ke cikin kwamfutar, ya goge, ya sauya, ya dasa abin da zai riƙa naɗe duk harafin da aka danna yana aikawa waje. Don haka tambayar "wa ya haɗa wannan ƙunshi?" ba tambayar masana ba ce. Tambaya ce irin ta wanda zai ba baƙo mabuɗin ɗakinsa.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Gonja sun san wannan tambaya sarai. Bafatake ya sauka Salaga bai san kowa ba, ba zai ɗauki kayansa ya ba mutumin da ya tare shi a bakin kasuwa bashi don kawai ya iya magana ba. Wurin mai gidansa zai sauka. Mai gida ne ya san wane mai saye ke biya, wane ne ke gudu, kuma idan ya tsaya wa mutum, sunansa ne a kan layi. Har yau a zangunan Kumasi da Accra cinikin shanu bai rabu da wannan tsari ba. To rumbun manhaja na Debian ko Ubuntu shi ne mai gidan. Hatimin da ke kan kayan shi ne shaidar cewa daga hannunsa suka fito, kuma ba wanda ya kwance ɗaurin a hanya.

Yadda hatimin ke aiki ba sihiri ba ne. Masu rumbun suna da mabuɗi biyu da lissafi ya haɗa su. Ɗaya na sirri ne, yana ɓoye a wurinsu, da shi suke buga hatimi. Ɗayan na fili ne, an raba wa duniya, aikinsa kawai ya duba hatimi ya ce na gaske ne ko na jabu. Mai mabuɗin fili ba zai iya buga hatimi da shi ba, kamar yadda sanin sa hannun manajan banki bai sa ka zama manaja ba, sai ma dai a nan lissafin ya fi ido wuyar yaudara nesa ba kusa ba. Wani Ba'amurke, Phil Zimmermann, shi ya fito da manhajar PGP a 1991 wadda ta kawo wannan dabara hannun talakawa, sannan wani Bajamushe, Werner Koch, ya fara GnuPG a 1997, wadda ita ce aka daɗe ana dogaro da ita a duniyar Linux.

A Debian da Ubuntu da Mint abin sarƙa ne. Ranar da aka saka babbar manhajar, mabuɗan fili na masu rumbun suna shigowa tare da ita. Duk lokacin da aka rubuta apt update, kwamfuta tana sauko da wani ɗan fayil mai suna InRelease, ta duba hatiminsa da waɗancan mabuɗai. A cikin wannan fayil akwai lambar awo ta jerin manhajoji, a cikin jerin kuma akwai lambar awo ta kowane ƙunshi ɗaya bayan ɗaya. Lambar awo, irin ta SHA-256, haruffa da lambobi ne guda 64 da ake samu idan an auna fayil da lissafi; ko ɗigo ɗaya aka sauya a fayil ɗin, lambar gaba ɗaya za ta birkice. Saboda haka ko da kayan sun biyo ta wata sabar kwafi a wata ƙasa, ko ta wayifai ɗin da ba ka yarda da shi ba, idan wani ya taɓa su a hanya, sarƙar za ta tsinke, kwamfuta ta ƙi karɓa. Duk wannan tana yi da kanta, cikin daƙiƙa, ba tare da ta nemi ko pesuwa ɗaya ba. Abin da ta roƙa kawai shi ne ranar da ta ce "tsaya", a tsaya.

Wani zai ce, haba, wa zai ɓata lokacinsa a kan kwamfutar wani ɗan Sabonjida? Amsar ita ce ba sai ya san Sabonjida ba. Masu wannan sana'a taru suke jefawa, duk kifin da ya shiga nasu ne. Ranar 20 ga Fabrairu 2016 wani ya kutsa shafin Linux Mint, ya sauya mahaɗin saukewa ya mai da shi wata saba a Bulgeriya. Waɗanda suka sauko da Mint 17.3 Cinnamon a wannan rana ta wannan mahaɗi, sun samu babbar manhaja mai kama da ta gaske a komai, sai dai an dasa mata ƙofar baya da ke ba mai kutsen damar juya kwamfutar daga nesa. Shugaban aikin, Clement Lefebvre, shi da kansa ya fito ya sanar, ya ce duk wanda abin ya shafa ya goge ya sake. A lura fa, waɗannan mutane ba wani lungun intanet suka shiga ba. Shafin gaskiya suka je.

A watan Satumba 2023 kuma kamfanin Kaspersky ya bayyana cewa shafin wata manhajar saukar da fayiloli mai suna Free Download Manager ya riƙa tura wasu masu Linux zuwa wani ƙunshi na jabu tsakanin 2020 da 2022. Ƙunshin yana saka manhajar da aka nema, tana aiki lafiya lau, a gefe kuma yana kwashe kalmomin sirri da bayanan da aka ajiye a manhajar shiga intanet. Shekaru abin yana tafiya ba a farga ba. Wannan labari ya fi kusa da mu, domin irin manhajar da masu fama da tsadar data ke nema ce, kuma irin hanyar da yaranmu suka saba ce: a je shafi, a sauko da fayil mai ƙarewa da deb, a danna. Mutane da yawa ba su san cewa fayil ɗin deb da aka sauko da shi da hannu aka saka da dpkg bai bi ta waccan sarƙar ba ko kaɗan. Ba wanda ya duba masa hatimi. Haka ma layin nan da ake kwafowa wanda ke farawa da curl ya ƙare da sudo bash: umarni ne cewa a ɗebo duk abin da ke wancan adireshi a gudanar da shi da ikon mai gida, ido rufe.

Yanzu mu zo kan filash ɗin. Kowa ya san shi. Wani ya sauko da Ubuntu ko Mint sau ɗaya, wataƙila a makaranta, wataƙila a ofishin da ke da intanet mai ƙarfi, ya zuba a filash. Daga nan filash ya fara yawo: daga wannan shago zuwa wancan, daga Sabonjida zuwa Aboabo, wani ya kwafa ya tafi da shi Savelugu. Ba ma zargin kowa da wannan, don Ubuntu na yanzu ya haura gigabayit 5, Mint ma ya kusa 3, kuma data ba ruwan rijiya ba ce. Taimakon juna ne, kuma abu ne mai kyau. Amma a tuna abin da muka faɗa a sama: mabuɗan da kwamfuta za ta riƙa duba hatimi da su har ƙarshen rayuwarta, daga cikin wannan filash suke fitowa. Idan tushen ya gurɓata, duk wani "an tabbatar" da allo zai nuna daga baya maganar banza ce, ɓarawo ne ke ba ɓarawo shaida. Filash ɗaya da ba a duba ba yana iya zama uban kwamfutoci hamsin.

Duba shi kuwa ba ya cin data. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu takaici, don da a ce tsada ce ta hana, da mun yi shiru. Ubuntu tana ajiye ƙananan fayiloli biyu a wurin da ake saukewa, SHA256SUMS da SHA256SUMS.gpg. Mint tana da sha256sum.txt da abokinsa mai ƙarewa da gpg. Girmansu bai kai hoto ɗaya na WhatsApp ba. Wanda aka ba shi kwafin babbar manhajar a filash, ba sai ya sake sauko da gigabayit 5 ba. Ya sauko da waɗannan biyun kawai, ya auna fayil ɗin da ke hannunsa da sha256sum, ko da certutil idan a Windows yake, ya gwada lambar da ta fito da wadda ke cikin jerin. A sababbin Mint ma, tun daga 21.1, akwai wurin da za ka danna dama a kan fayil ɗin ka zaɓi a tabbatar maka.

A nan akwai wani tarko da ko waɗanda suka ɗan waye ke faɗawa. Suna auna lambar, su ga ta yi daidai da wadda ke shafin, su ce shi kenan. Lambar awo ita kaɗai tana gaya maka ne cewa fayil bai lalace a hanya ba, abin da ke da amfani sosai a garin da wuta kan ɗauke ana tsakiyar saukewa. Amma wanda ya iya shiga shafi ya sauya fayil, ai zai iya sauya lambar da ke rubuce a gefensa. Shi ya sa akwai fayil na biyun. Umarnin gpg --verify yana duba ko jerin lambobin da kansa yana ɗauke da hatimin masu aikin, abin da mai kutse ba zai iya ƙirƙira ba sai ya saci mabuɗin sirri. Mabuɗin fili kuma yana da nasa tambarin yatsa, haruffa da lambobi 40, wanda ya kamata a gwada da abin da aka wallafa a wuri fiye da ɗaya. Mai shago ya yi wannan sau ɗaya, ya rubuta tambarin a takarda ya liƙa a bango kusa da lambar MoMo ɗinsa, ya huta na dogon lokaci. Af, duk wanda har yanzu yake dogaro da MD5, ya sani an daɗe da karya ta. SHA-1 ma masu bincike na Google da wata cibiya a Holan sun nuna rauninta a fili a 2017.

Adalci ne mu faɗi cewa mafi yawan lokutan da gargaɗin ke fitowa, ba ɓarawo ba ne a ƙofa. Wannan ne ma ya sa yara suka raina shi. Sau da yawa agogon kwamfutar ne ya ɓata. Tsofaffin kwamfutoci suna da wani ɗan batir kamar kwabo a cikinsu da ke riƙe kwanan wata; idan ya mutu, sai kwamfuta ta farka tana zaton shekarun baya take, ta ga fayil ɗin rumbu da kwanan watan da a wurinta bai zo ba tukuna, ta ƙi shi. Maganin wannan a gyara agogo, a sauya batir, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci kuma babbar manhajar ce ta tsufa. Ubuntu mai dogon zango shekara 5 ake ba ta na tallafin yau da kullum, kuma ta 20.04 ta cika nata a watan Mayu 2025. Waɗanda ba masu dogon zango ba wata 9 kacal suke yi. Filash ɗin da ya shekara huɗu yana yawo, tsohon kaya yake rabawa. Wani lokaci rumbun wani kamfani ne aka ƙara, mabuɗinsa ya ƙare ko sun sauya sabo. Maganinsa a koma shafin kamfanin a ɗauko sabon mabuɗin, a gwada tambarinsa, a ajiye shi a ɗaure da wannan rumbu kaɗai ta hanyar signed-by, maimakon tsohuwar hanyar apt-key da ke ba mabuɗi ɗaya ikon tsaya wa kowane kaya, wadda masu Debian da kansu suka ce a bari.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da gyaransa, kuma ba ɗaya da gyaransa shi ne kashe mai gadi. Abin da ya sa muka nace shi ne yaron da ke gaban allo ba shi da hanyar bambance ranar da batir ne da ranar da ɓarawo ne, sai ya tsaya ya karanta. Sannan mafi munin abin, layin trusted=yes ko gpgcheck=0 ba na rana ɗaya ba ne. Yana zama a cikin kwamfutar. Kwastoma ya tafi gida da ita, wata shida, shekara, duk sabuntawar da za ta zo daga wannan rumbu tana shiga ba tambaya, shi kuwa bai ma san an taɓa yin haka ba. Ya biya kuɗin gyara, an ba shi gida ba ƙyaure.

A yi tunanin abin da ke bi ta kwamfuta ɗaya a kafen intanet cikin mako guda. Lambar Ghana Card. Takardun neman fasfo. Kalmar sirrin imel ɗin da mutum ke karɓar saƙon banki da ita. Hotunan takardun fili. Fom ɗin makarantar yara da sunayensu da ranar haihuwarsu. Hajiyar da ta zo a cike mata fom ba ta san Linux ba, ba ta san hatimi ba, mai shagon ta sani, don ɗan unguwa ne, ta san uwarsa. Da wannan sanayya ta miƙa katinta. Doka ma ba ta bar abin a kan kunya kaɗai ba: Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Ba mu ga yadda mutum zai kashe binciken hatimi da hannunsa, sannan ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa ba.

Ba za mu yi wa masu karatu ƙarya mu ce hatimi maganin komai ba ne. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft, ya sanar da cewa ya gano ƙofar baya a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Cikin abubuwan da ya lura da su akwai cewa shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya kuma bi diddigi. Wanda ya dasa abin, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa aikin, yana gyare-gyare, har mai aikin na asali, Lasse Collin, wanda nauyi ya yi wa yawa, ya ba shi ikon fitar da sababbin sigogi. Sigogi 5.6.0 da 5.6.1 sun fito da sa hannu mai kyau, domin mai sa hannun shi ne ɓarawon. Da ɗan gari akan ci gari. Allah ya taimaka an kama abin tun yana sigogin gwaji, bai kai ga Debian da Ubuntu da jama'a ke amfani da su kullum ba.

Wasu sun ɗauki wannan labari hujjar cewa duba hatimi ɓata lokaci ne. Mu akasin haka muka gani. Hatimi bai taɓa alkawarin cewa kayan na da kyau ba; abin da ya ce shi ne daga wurin wane suka fito. Saboda akwai shi, da abin ya fashe an san sigogin da za a janye, an san hannun da suka bi, kuma gyaran ya isa ga mutane ta wannan sarƙa mai hatimi. Sannan a dubi wahalar da mutumin ya sha: shekara biyu yana fara'a da haƙuri don ya samu damar buga hatimi ɗaya. Wanda ya rubuta nogpgcheck ya yafe wa kowane ɓarawo wannan wahala. Darasin da ya shafe mu kai tsaye shi ne kowane rumbu da aka ƙara, mai gida ne aka ƙara. Rumbunan PPA na Ubuntu ma suna da hatimi, amma hatimin mutum ɗaya ne da ba ka sani ba. Kwamfutar kwastoma ba wurin tara masu gida goma ba ce. Abin da ke cikin rumbun asali, a ɗauko shi daga can.

Ga masu shaguna, nauyin a wuyanku yake, ba a wuyan yara ba. Yaro abin da ya ga masta na yi shi yake yi, kuma idan ya san za a yi masa tsawa don ya ɓata minti goma, zai kashe gargaɗin ya yi shiru. A ware filash ɗaya na shago, a duba lambarsa da hatiminsa, a rubuta sigar da ranar da aka duba a jikinsa, kada a ba da aronsa. Mai so a kwafa masa a nasa. Shagon da ke saka wa kwamfutoci da yawa manhaja, akwai apt-cacher-ng, wadda ke ajiye ƙunshin da aka sauko da shi sau ɗaya a wata tsohuwar kwamfuta ta riƙa raba wa sauran, binciken hatimi kuma yana nan daram. Data ta ragu, tsaro bai ragu ba. Masu sana'ar nan sun san juna, suna da zaurukansu na WhatsApp. Ba abin da zai hana mutum biyu ko uku da suka fi sani su zauna da yaran unguwa wata Asabar su nuna musu a aikace.

Ga UDS da Jami'ar Fasaha ta Tamale, ɗalibanku ne ke zama masu shagunan gobe, wasunsu ma tun yau. Wanda ya gama karatun kwamfuta bai taɓa tabbatar da hatimin fayil da hannunsa ba, an bar masa giɓi. Ita kuwa Hukumar Tsaron Intanet, wadda doka mai lamba 1038 ta 2020 ta kafa, kowane Oktoba tana gangamin wayar da kai, kuma tana da layin 292 na kai ƙara. Muna yaba wannan. Amma yawancin saƙon yana tsayawa ne a kan "kada ka ba kowa lambar sirrin MoMo", da Turanci, ga mai waya. Mutumin da ke saka wa unguwa guda babbar manhaja ba a cika tunawa da shi ba, alhali ta hannunsa komai ke bi. A zo Tamale a yi magana da shi, da Dagbanci da Hausa.

Kai kuma mai kwamfuta, ba sai ka iya ko ɗaya daga cikin umarnin da muka lissafa ba. Idan ka kai gyara, ka tambaya cikin ladabi: "Masta, wannan da za ka sa min, wace siga ce, an duba hatiminta?" Idan an gama, ka ce a rubuta sudo apt update a gabanka, ka ga ya wuce ba jan rubutu ba gargaɗi, sannan ka tambaya ko an ƙara wani rumbu bayan na asali, da dalilin ƙara shi. Idan ya ce agogo ne ya ɓata sai an sauya batir, ka ba shi minti goman, ko da motar Yendi ta farko za ta tashi ta bar ka.